Neman Mai Shaidar Mutuwar Ƙanena

Ni dai tun ina yarinya an san ni da baki. Inna takan ce ranar da anka yi rabon haƙuri barci nike, ranar rabon baki kuwa ni na riƙe ƙwaryar. Ban taɓa musa mata ba. Aure biyu na yi kafin yaƙin Turawa ya ƙare, duka bakin nan ya kashe su, na dawo ɗakin uwata na kama sana'ar gabu. Wanda bai san gabu ba, ganyen albasa ne ake kirɓawa a dunƙula a shanya, a riƙa jefawa cikin miya. Bisa jaki nike kai shi kasuwanni cikin ayarin mata, yau Rabah, jibi Wurno, wani zubin har Goronyo.

Mu biyu ne munka rayu cikin ɗiyan Inna, ni da ƙanena. Babanmu ya daɗe da rasuwa. Garinmu ɗan ƙarami ne a bakin gulbin Rima, kowa da fadamarsa, kuma albasar ƙanena ita nike samun ganye daga gare ta. Dogo ne, mai sanyin hali, sai ka rantse ba ciki ɗaya munka fito ba. Shina yaro jakin gidanmu ya cije mai kunnen hagu, ya ɗebe saman ya bar mai rabi. Har ya yi gemu ina tsokanarsa, in ce jaki ma ya ɗanɗana ya ji ba gishiri ya tofar. Sai shi yi dariya shi ce, "Yaya, ke da jakin ya ciza ai da shi ya mutu."

Shekarar da anka ce kowane gari shi ba da mutum don yaƙi, masinja ya zo da igiya shina auna ƙirjin samari. To ƙirjin wanda ya tashi da jan jigo shina ban ruwa ai ba ya ɓoyuwa. Anka ɗauke shi. Bai yi gardama ba, ni ce na yi ta, har dogari ya ɗaga mini bulala. Da za shi tahi ya ce, "Yaya, ki riƙe bakinki, ki riƙe Inna." Guda na iya riƙewa, kun dai san wanne.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba mu ji ɗuriyarsa ba. Sai wata rana da hantsi ga dogarin hakimi a ƙofar gida, ya yi sallama ya ce Turawa sun aiko, an kashe ƙanena a wata ƙasa wai ita Bama. Iyakar abin da ya kawo ke nan. Ba riga, ba hula, ba ko tsumma. Inna tana tankaɗe, ta aje rariyar, ta yi salati, ta ce in je in gaya wa Liman a shimfiɗa tabarmi a yi zaman gaisuwa.

Limaminmu abokin babanmu ne, Baba nike ce mai. Na shiga ta wajen matarsa, ya zo ya zauna bakin ƙofa na durƙusa na faɗa mai. Ya daɗe shina jan tasbaha.

"Ɗiyata, wa ag gane shi da ido?"

Na ce, "Baba, Turawa sunka aiko."

"Na ji. Wane Musulmi ag ga gawatai?"

Sai ya tuna mini abin da ni ma na sani. Akwai wani a ƙetaren gulbi da Turawan nan sunka ce ya mutu. Anka yi mai sadaka, anka raba gonarsa, matarsa ta yi takaba ta yi aure. Ana nan sai ga mutum ya sauko daga mota da ƙafafunsa, ya iske matarsa da cikin wani. Garin nan har yanzu bai warke ba. Tun daga nan malamai sunka ce ba za a sake kashe rayayye da baki ba. Ko dai maza biyu Musulmi su zo su ce sun gani, ko a jira shekaru kamar yadda littafi ya ce game da wanda ya ɓace.

Wallahi na so in yi mai rashin kunya, amma na rasa ta inda zan kama. Gaskiya gare shi, kuma gaskiyar nan ita ta fi ƙona mini rai.

Da na koma na gaya wa Inna, ba ta yi kuka ba. Lokacin tari ya riga ya kama ta, irin mai ramar da mutum shina kallo. Ta ce, "Ni na san ya tahi, uwa ba a gaya mata. Abin da nike so guda na. Maza su taru ƙofar gidanga su ce Allah shi jiƙan shi, in ce amin da bakina. Shekarun da Liman ka faɗi, ni ba ni da su."

Na dube ta, wuyanta ya koma kamar na kaza. Na ce, "Inna, in shaidu su ka so, sai na kawo su ko cikin mangala." Ta ce in ji tsoron Allah. Na ce ina ji, amma sai na kawo su.

Ba a daɗe ba yaƙin ya ƙare, sojoji sunka fara dawowa. A kasuwar Rabah na fara ganinsu, zaune gindin wata tsamiya da manyan takalmansu, suna busa taba suna wani yare da ba Hausa ba ba Turanci ba. Mutane nesa-nesa ake yi da su, don a wajenmu a lokacin soja da ɗan iska duk ɗaya ake ɗauka. Na bar wa maƙwabciyata gabuna, na ɗaura gyale na nufe su. Na faɗi sunan ƙanena da na babanmu. Sunka kwashe da dariya. Ashe a soja ba a kiran mutum da sunan uba, sunansa ake haɗawa da na babban gari, kuma masu irin sunansa da anka liƙa wa Sakkwato sun fi a ƙirga. Wani ya ce, "Wanne ciki, dogon ko gajeren?" Wani ya ce in miji nike nema ga shi nan a zaune.

Na ce mai, "Kai da ko jakina ba ya yarda ka hau shi?" 'Yan'uwansa sunka yi mai ihu, daga nan sunka saurare ni. Sai na bar suna na koma kama. Na ce dogo ne, ba ya da yawan magana, kunnensa na hagu rabi ne. Sunka dubi juna. Ba wanda ya san shi.

Bari in faɗi wani abu da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Duk sojan da ya ce mini bai san shi ba, sai in ji wani sanyi a raina, in ce wataƙila yana nan da rai kamar mutumin ƙetaren gulbi. Sai in dawo gida in ji tarin Inna tun daga zaure, in ji haushin kaina. Gari na wayewa in ɗaura wa jaki kaya.

Magana kuwa ta bazu. Matan ayari sunka fara ja da baya da ni a hanya, wai bazawara ta koma bin soja kasuwa-kasuwa. Baffana ya aiko a gaya mini ina zubar da mutuncin gida. Na ce wa ɗan aiken shi koma shi gaya wa Baffa, da girmamawa, in shina da wando shi ɗauki jakin shi je da kansa, ni in zauna in yi ta mutunci. Bai sake aikowa ba.

A Wurno Allah ya taimake ni. Wani tsohon soja ya buɗe rumfar ɗinki kusa da masu goro, mutum mai surutu kamar ni. Ina ambaton kunne ya tsai da keken.

"Mai rabin kunne? Wanda in an sauka bakin ruwa sai ya tsaya ya duba ƙasar ya ce nan albasa za ta yi?"

Na zauna bisa ƙasa. Na ce shi ne.

Ya ce, "Allah shi jiƙan shi. Ni na ɗauko shi."

Ya ba ni labari. Wani kogi za su ƙetare, abokan gaba na ɓoye cikin itace a ɗaya gefen. Ƙanena ya riga ya haye, sai ya waiwayo ya ga wani ɗan Kano da bai iya ruwa ba shina nutsewa da kaya a ka. Ya koma ya jawo shi. Wajen fitowa ta biyu harsashi ya samu ƙanena a wuya. Telan ya ce da hannunsa ya rufe mai ido, ya saɓa shi ya kai shi bayan wani tudu, daga nan anka tura su gaba. Ɗan sanyin nan da nike ɓoyewa a raina, a rumfar nan ya ƙare. Na share fuskata da gyale na ce, "Yaushe za ka zo garinmu ka faɗi haka gaban Liman?" Ya ce ko gobe. Na ce saura ɗaya.

Ya sosa ƙeya. Ya ce waɗanda sunka rufe shi su uku ne, biyu ba su dawo ba. Na ukun masunci ne a wajen Goronyo. "Amma, Yaya, ki sa a ranki ba ya zuwa. Tun da ya dawo ba ya zancen yaƙi da kowa."

Na tahi Goronyo na iske masuncin bakin ruwa, ƙasa da gari, shina gyaran koma a ƙarƙashin wata giyayya. Ɗan siriri ne, bai kai ƙanena shekaru ba. Na gaishe shi ya amsa. Na ambaci kunne, na ga hannunsa ya tsaya bisa zaren. Ya ce, "Baiwar Allah, yi haƙuri, ba ni da abin faɗi." Ya naɗe komarsa ya shiga jirgi ya tura.

Kasuwa ta zagayo na koma. Na kai mai gabu, ya ce ba ya miya. Na sake komawa, ya hango ni tun daga nesa ya bi ruwa. Goronyo ba kusa ba ce, jakina har ya fara ɗingishi, gabun da nike sayarwa bai taka kara ya karya ba don rabin kasuwar a bakin gulbi nike cin ta. A gida kuma Inna ta daina tashi, sai an tallabe ta. Ba ta tambayata komi, ido kawai take bina da shi in na shigo. Idon nan ya fi mini zagi ciwo.

Ranar da na ƙudura ita ce ta ƙarshe, sammako na yi na riga shi zuwa. Na shiga jirginsa na zauna daram a tsakiya. Ya zo ya tsaya shina kallona.

Na ce, "Yau ko ka tuƙa da ni ko ka yi magana. Wane irin mutum na kai? Ka rufe ɗan mutane da hannunka, uwatai na can tana mutuwa tana jiran kalma guda, kai kana nan kana wasa da kifi? In likkafani na ba ku yi mai ba, ni ban zo tambayar likkafani ba. In wanka na, Allah ya san yaƙi a kai!"

Ya tsuguna a bakin ruwan. Ya ce ba wanka ba ne, ba likkafani ba ne. Cikin bargonsa sunka naɗe shi, sunka yi mai salla a gaggauce, wannan kowane malami zai yi uzuri.

"To mi na na?"

Ya ce, "Yamma munka juya shi."

Na ce, "Yamma?" Mu tun da munka buɗe ido gabas munka sani. Gabas ake salla, gabas ake yanka, gabas ake juya mamaci cikin kabari. In an ce mutum ba ya duban gabas, an gama zaginsa.

Ya ce limamin sojoji ne ya ce su yi haka, don jirgin ruwan da ya kai su ya wuce Makka ya bar ta a baya. Duk zamansu a can yamma sunka yi salla. Da ya dawo ya ba da labarin nan a garinsu da zuciya ɗaya, sai anka ce Nasara sun juya mai kai. Anka hana shi sahun gaba, yara na bin sa suna nuna mai yamma, surukinsa ya zo ya ɗauke ɗiyarsa. "In na tsaya gaban limaminku zai tambaye ni yadda munka kwantar da shi. In na faɗi gaskiya, su ce shaidata ba ta karɓuwa, kuma in ɓata muku mamaci. In na yi ƙarya, na yi ƙarya bisa kabari. Gara in yi shiru."

Ni ban san ilimin abin ba. Amma na san mutumin da ke gudun ƙarya bisa kabari har shi yarda a ce mai mara imani, shi ne shaidar da nike nema. Na ce, "Ƙanena, tashi mu tahi. Faɗi yadda anka yi, kada ka rage kada ka ƙara. Abin da za su ce maka, ni an ce mini wanda ya fi shi a kasuwa uku, ga ni ban mutu ba. In sun ƙi, sun ƙi da gaskiya a gabansu. Amma zama dai ba mu yi." Ya dube ni ya ce halina da na marigayin ko kusa. Na ce kowa haka ya ce.

Ranar Juma'a da hantsi sunka zo, shi da telan Wurno. Liman ya yarda a zauna a ƙofar gidanmu saboda Inna. Dattawan gari sunka taru, har da Baffa. Mu mata muna bayan zana. Na shimfiɗa wa Inna tabarma dab da zanar, na zauna na jingina ta da ƙirjina, ba ta fi nauyin ƙwaryar hura ba.

Telan ya fara, ya faɗi nasa har da ƙari, sai da Liman ya ce ya isa. Sannan masuncin. Muryarsa can ƙasa, ina leƙensa ta ramin zana. Liman ya tambaye shi kamannin mamacin, ya faɗa. Ya tambaye shi ko ya tabbata rai ya fita, ya ce jikin har ya yi sanyi. Sai Liman ya ce, "Kun juya shi gabas?"

Masuncin ya ce, "A'a, Malam. Yamma."

Wurin ya ɗauki salati. Wani dattijo ya miƙe ya ce subhanallahi, wannan ai ba shaida ba ce, wanda ya ba alƙibla baya ta ina za a karɓi maganarsa? Wani ya ce dama abin da soja ka koyowa ke nan. Na ji Baffa shina cewa dama ya faɗa. Jinina ya hau, na yunƙura zan fita, sai na ji yatsun Inna sun riƙe mini zane. Ba ƙarfi a riƙon, amma na koma na zauna.

Liman ya ɗaga hannu anka yi shiru. Ya ce wa masuncin shi faɗi yadda tahiyarsu ta kasance. Ya ce cikin jirgin ruwa sunka bi wani teku mai tsananin zafi, wata safiya limaminsu ya tara su ya nuna musu gefen hagu ya ce Makka na can, sunka yi ta kabbara, wasu na kuka. Daga nan jirgin ya yi ta tahiya wajen fitowar rana, kwana da kwanaki, kafin su sauka. Telan ya ce haka anka yi, shi ma shina ciki.

Liman ya jawo butarsa ya aje tsakiyar fili. Ya ce wa dattijon da ya yi magana, "Malam, dubi butar nan." Ya duba. Ya ce wa masuncin shi zagaya ɗaya gefen shi zauna, shi ma shi dube ta. Sai ga su suna fuskantar juna, buta a tsakani. Liman ya ce, "Wa ab ba ta baya cikinku?" Sannan ya ce, "Ɗakin Allah mu ka bi, ba fitowar rana ba. Mu da muke wanga gefe gabas ta gare mu. Wanda ya wuce shi, yamma ta gare shi. Yaron ga ya rufe ɗan'uwanku daidai, kuma ya zo ya faɗi gaskiya shina jin tsoronku. Na karɓi shaidarsu. A ɗaga hannu."

Na ji tabarmi na motsi, maza na gyara zama. Abin da na yi wata da watanni ina bi kasuwa-kasuwa ya samu, kuma abin da ya samu shi ne ƙanena ya mutu, ba sauran wataƙila. Hawaye sunka zubo mini bisa kan Inna.

Ita kuwa ba ta ji duka ba, kunnenta ya yi nauyi. Ta ɗago ta ce, "Mi anka ce? Ina sunka juya shi?"

Na sa baki a kunnenta na ce, "Yamma, Inna. Can ya wuce Makka, alƙiblarsu yamma ta."

Ta yi lissafi a ranta, ta ce, "Mu kuma muna yamma da shi?"

Na ce, "E, Inna."

Ta ce, "Ashe nan shi ka kallo. Juya ni."

Na tallabe ta na juya ta gabas. Liman ya ambaci sunan ƙanena da na babanmu, ya ce Allah shi jiƙan shi. Inna ta ɗaga tafukanta da kanta, ta ce amin da ƙarfin da ban san tana da sauransa ba, har mazan da ke waje sunka ji ta.